Nonon Hassana ko na Hussaina

Kafin aurenta, ruwa mafi girma da Hanifa ta taɓa gani shi ne na fadamar bayan Dandamisa idan damina ta nutsa. Yau ga ta zaune a bakin teku a tsibirin Zanzibar, ƙafafunta da lallen biki bai gama barin su ba sun nutse cikin farin yashi mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari.

Iska na kaɗa gyalenta a hankali. Can nesa kwale-kwalen masunta suna lilo a kan ruwa, ruwan kuwa shuɗi ne a wani wuri, kore a wani wuri, har ta gaji da neman inda ya ƙare.

Misbahu, angonta, ya iso riƙe da kwakwa biyu da aka fasa wa baki. Ya miƙa mata ɗaya ya zauna kusa da ita.

"Malama, a sha. Nan babu ƙararrawar makaranta, babu makin jarabawa."

Ta karɓa tana murmushi.

"Yaya Misba, wai mutanen nan kullum a haka suke kwana suke tashi? Ni fa har yanzu gani nake za a tashe ni a ce na makara."

"Duk wanda ya zo tashinki sai ya fara bi ta kaina."

Ta yi dariya ta jingina da kafaɗarsa. Ba da sauƙi suka kawo nan ba. Tun tana sakandare dangi suka ajiye ta wa Tukur, ɗan marigayiya Hassana, abokiyar tagwaitakar mahaifiyarta Inna Hussaina. Tukur manomin rake ne a Kudan, mai haƙuri, mai zumunci, ba wanda zai nuna aibinsa. Ita dai zuciyarta ce ta ƙi, ta tsaya a kan Misbahu, maraya ɗan Ikara da ke aiki a wani kamfanin iri da taki.

Babanta, Malam Zulkifilu, ya ce ba zai yi mata dole ba, amma kuma ba zai bar na gida ya ba bare ba. Haka ta zauna tana koyarwa a Makarfi, ƙannenta mata suka yi aure suka bar ta. Sai da Tukur da kansa ya je ya ce ya haƙura, sannan Baba ya sauko.

Ko tafiyar nan sai da aka yi ta surutu a kanta. Wai ina aka taɓa ɗaukar amarya a tsallaka teku da ita ko gara ba a kai ba? Misbahu ya taɓa zuwa ƙasar don wani kwas na noma, tun a lokacin ya yi mata alkawari, kuma ya cika.

Tunda suka sauka wayoyinsu a kashe suke cikin jaka. Ranar ne bayan azahar ta ce bari ta kunna tata ta tura wa ƙawayenta hotuna su ma su ga ikon Allah.

Tana kunnawa saƙonni suka fara shigowa, suna bin juna ba ƙaƙƙautawa. Kafin ta buɗe ko ɗaya kiran yayanta Yahuza ya shigo.

"Yaya Yahuza, ina wuni? Ya su Inna?"

"Kowa lafiya. Mijinki na kusa?"

Ta gyara zama. Yahuza mutum ne da sai ya gaishe ka har kajin gidanka kafin ya shiga magana.

"Ga shi nan."

"Ki buɗe murya, Baba ya ce ku ji tare."

Misbahu ya matso ya yi sallama. Yahuza ya amsa a taƙaice, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba ya ce ku dawo gida a jirgin farko da kuka samu. Sannan ya ce..."

Ba abin da suke ji sai ƙarar ruwa yana zuwa yana komawa.

"Ya ce daga yau kada ku sake kwana ɗaki ɗaya sai kun zo."

Suka dubi juna. Misbahu ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Yaya, ban gane ba. Wani laifi muka yi?"

"Ba laifinku ba ne. Da mata suka kai gara Ikara, har da Gwaggo Murja aka je. Ta ga hoton mahaifinka a bangon falo. Tana ganinsa ta zauna a ƙasa."

"Ta san shi ne?"

"Ta ce ya taɓa koyarwa a firamaren Dandamisa, gidan da ke jikin namu ya zauna. Malam Audu Ticha ake ce masa, shi ya sa da aka ji sunansa na yanka, Abdulwahabu, a wurin ɗaurin aure ba wanda ya kawo komai. A nan mahaifiyarka ta kwanta ciwon ajali kana jariri. Gwaggo ta ce da idonta ta ga Inna tana ba ka nono."

Hanifa ta ji kamar ba Hausa yake yi ba.

"Wace Innar?" ta tambaya.

"Innarmu, Hanifa. Wadda ta haife ni ta haife ki."

Kwakwar da ke hannunta ta sulale ta faɗi, ruwan ya bi yashi.

Misbahu ya karɓi wayar. "Ita Innar me ta ce?"

"Tun ranar kuka take yi. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba."

Aka kashe wayar. Wasu Turawa suka wuce ta gabansu suna dariya. Wani mai sayar da zannuwa ya tsaya ya ɗaga musu kayansa, da ya ga fuskokinsu ya ƙara gaba.

"Makirci ne," Misbahu ya ce daga ƙarshe. "Tukur ne. Haƙurin da ya ce ya yi na baki ne. Gwaggon nan ai kin ce dama shi take so."

"Gwaggo Murja tana da faɗa, amma ba ta ƙarya."

"To me ya hana ta magana kafin a ɗaura?"

"Ba ta taɓa zuwa gidanku ba sai ranar." Ta share hawayen da suka fara zubo mata. "A ina aka haife ka?"

"Ikara aka rubuta."

"Ba abin da aka rubuta na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Kakata ta ce a wurin aikin Baba ne, wani ƙauye wajen Makarfi. Ba ta son maganar, saboda a can Ummata ta rasu. Shi ma Baban bai daɗe ba ya bi ta. Ban taɓa tambayar sunan garin ba."

Kuka ya ƙwace mata.

"Shekarun da na yi ina jiranka, ana nuna ni a gidan biki ana cewa ga wadda ta fi ƙarfin ubanta. Na ce in dai kai ne zan jure. Ashe kullum idan ka zo zance ta ƙofar gidan da aka yi goyonka kake wucewa?"

"Hanifa, ki daina. Ba a tabbatar ba."

"In aka tabbatar fa? Kwanakin nan da muka yi, me sunansu a wurin Allah?"

"Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba."

"Yanzu ai mun ji."

Ya kai hannu zai share mata fuska, ta ja baya ba tare da ta yi niyya ba. Dukansu suka lura.

"Yaya..." ta fara, sai ta katse. Sunan da take kiransa da shi ke nan tun ranar da suka saba, na so da girmamawa. Ta rufe bakinta da gyale ta tashi ta nufi masauki.

Da suka je neman ɗaki na biyu, matar da ke karɓar baƙi ta kasa fahimta. Ta ɗauka ɗakin ne bai yi musu ba. Ta ce akwai wani ya fi girma, yana kallon teku, za ta sa a zuba furanni a kan gado. Misbahu ya yi ta maimaita mata da Turanci cewa ɗakuna biyu suke so. Ta dubi lallen hannun Hanifa, ta dube shi, ta miƙa makulli.

Jirgi bai samu nan take ba, sai da suka ƙara kwanaki. Tsibirin bai san abin da ya faru ba. Rana na fitowa da kyanta, ana kawo kifi gasasshe da shinkafar kwakwa, ladan na kiran salla daga masallacin masunta da murya mai sanyi. Sukan zauna tebur ɗaya su ci abin da suka iya ci, kamar baƙin da mota ta haɗa.

Da safe idan ya ƙwanƙwasa mata ƙofa sai ta zura dogon hijabi kafin ta buɗe. Rannan ta tsaya gaban madubi tana tambayar kanta dalili. In mijinta ne, babu hijabi a tsakaninsu. In yayanta ne, nan ma babu. Duk ta inda ta juya lissafin ba ta buƙatarsa, amma ta kasa cirewa.

Shi kuwa wani lokaci ya tashi da ƙarfin gwiwa yana cewa ƙarya ce, wani lokaci ta hango shi tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kallon wuri ɗaya. Sau ɗaya ta kama shi yana duban fuskarta, ba irin duban da ta saba ba.

"Me kake nema?"

"Ba komai."

"Nono ba ya sa kama, in shi kake dubawa."

"Na sani," ya ce. "Na sani, amma na kasa dainawa."

Ta Kano suka sauka. Suka kamo hanya a mota har suka karya ta Tashar Yari, gonakin rake suka fara bayyana dama da hagu. Ta tuna yadda ta bar Dandamisa ana guɗa. Yau ko yaran unguwa da suka ga motar ba su biyo ta da gudu ba, alamar magana ta riga ta zaga.

Bayan la'asar aka zauna a shigifar Baba. Liman Uwaisu na kan buzu, Baba na gefensa. Misbahu ya zauna kusa da Yahuza. Can jikin bango ga Tukur, wanda Baba ya aika a kira daga Kudan don kada a ce an yi a bayan idonsa. Mata suna bakin ƙofar cikin gida: Gwaggo Murja, yayar Baba, sai Hanifa, sai Inna Hussaina da ta ja mayafi ta rufe fuska.

Liman ya buɗe da addu'a, sannan ya ce Gwaggo ta faɗi abin da ta gani, ta ji tsoron Allah.

"Allah gafarta Malam, ni ba ni da gaba da yaron nan. Na so Tukur, ban ɓoye ba, amma da aka ɗaura na yi guɗa da bakina. Sai dai ba zan shiga kabari da wannan a cikina ba. Shekarar da zazzaɓi mai zafi ya shigo garin nan, matar Ticha ta kwanta ba ta san wanda ke kanta ba. Jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Aka ɗauko shi aka kawo gidan nan. Na shiga ɗakin Hussaina da kwanon kunu, na tarar da ita zaune a bakin gado, yaron a ƙirjinta yana sha."

"Marigayiya Hassana tana garin a lokacin?"

"Tana nan. Ta zo daga Kudan da goyon Tukur, jinyar 'yar'uwarta, don ita ma Hussainar zazzaɓin ya taɓa ta."

"Kina bambance su?"

"Matar ƙanina ce, Malam. Zan kasa gane ta?"

Baba ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa.

"Yaya Murja, ni da nake mijinta na sha yi wa Hassana maganar cefane, sai ta yi dariya ta ce ba ita ba ce."

"Zanin Hussaina ne a jikinta."

"Zanin da suke musaya kamar ludayi?"

Gwaggo ta juya. Ta dubi Inna, Inna ba ta ɗago ba.

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa," ta ce, muryarta ta ragu. "A ɗakinta ne, a kan gadonta."

Misbahu ya kasa daurewa.

"Baba, a yi min afuwa. Ni ban yarda maganar nan daga sama ta faɗo ba. Akwai wanda zai ci riba idan auren nan ya mutu, kuma yana zaune a nan."

"Misbahu," Yahuza ya ce yana taɓa gwiwarsa.

Tukur ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ya rame fiye da yadda Hanifa ta san shi.

"Ƙyale shi, Yahuza, gaskiya ya faɗa. Allah gafarta Malam, ina da magana."

Liman ya ba shi izini.

"Tunda labarin nan ya iske ni a gona ban sami natsuwa ba. Ba zan ɓoye ba a gaban iyayena, har gobe ina son Hanifa. Zuciyata ta ce min, Tukur, ba kai ka tayar da maganar ba, ka yi shiru kawai, abin da ka rasa zai dawo har gida. Na yi shirun. Har na shigo shigifar nan ban yanke ba."

Ya share fuskarsa da hannun riga.

"Innata tun ina yaro take gaya min ina da ɗan'uwa na nono. Ɗan wani ticha ne da matarsa ta rasu a Dandamisa. Ta ce ita ta ɗauko shi da hannunta ta haɗa mu a ƙirjinta. Ko a ciwon ajalinta ta sake faɗa, ta ce in Allah Ya haɗa mu in riƙe shi. Ba ta san sunansa na yanka ba. Abba take ce masa."

Misbahu ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Abba kakata take kirana," ya ce a hankali. "Sunan kakana aka sa min."

Gwaggo Murja ta fara salati ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kuncinta.

"To ko Hassana na gani? Ni Murja, ko Hassana ce?"

Liman ya gyara zama.

"Idan Hassana ce ta shayar da shi, Misbahu ɗan'uwan Tukur ne. Hanifa kuwa 'yar ƙanwar uwarsa ce ta nono, kuma wannan ba ya hana aure. Sannan shaidar mace ɗaya, a kan maganar da ba a taɓa jin ta a gari ba kafin ɗaurin aure, ba ta warware igiya. Ga shi ma mai shaidar ta shiga kokwanto." Ya juya wajen ƙofa. "Malama Hussaina, kina da abin da za ki ƙara?"

Inna ta girgiza kai a cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

"To alhamdulillahi. Aure yana nan. Allah Ya saka wa Tukur, abin da ya yi ba kowane namiji ba ne zai iya."

Aka shafa fatiha. Baba ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. Misbahu ya tashi ya je ya durƙusa gaban Tukur ya kama hannunsa da hannu biyu. Yahuza ya fita yana kiran 'yan'uwa a waya.

Hanifa ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, amma bai sauka duka ba. Ta san girgiza kan mahaifiyarta iri-iri. Wannan ba na a'a ba ne.

Ta bi ta ɗaki. Inna na durƙushe tana ƙulla mata daddawa da kuka da dakakken yaji a leda.

"Inna."

"Ga wannan ki tafi da shi. Na san can ƙasar ba ku sami miyar kirki ba."

"Inna, kowa ya yi magana ban da ke."

"Ba kin ji Liman ba? Ki tashi, mijinki na jira, kada magariba ta yi muku a hanya."

Hanifa ta tura ƙofa ta zauna a gabanta, ta karɓe ledar ta ajiye.

"Ban taɓa roƙonki abu kin hana ni ba. Lokacin da kowa ya juya min baya a gidan nan, ke kike shigowa da tuwo ki ce in ci. Don Allah ki dube ni ki ce ba ke ba ce. Kalma ɗaya, in tashi in tafi."

Inna ta yaye mayafin. Idanunta sun kumbura.

"Abin da Tukur ya faɗa gaskiya ne. Hassana ce ta je ta ɗauko shi, ita ta fara ba shi."

"Ta fara?"

"Ba yini ɗaya yaron ya yi a ɗakin nan ba, Hanifa. Sai da uwarsa ta rasu danginsa suka zo daga Ikara. Yara uku ne a kan tabarma ɗaya, ga Yahuza, ga Tukur, ga shi. Ni zazzaɓi na kaina, in farka in koma. Idan yaro ya yi kuka Hassana takan ɗauko ta ɗora min a ƙirji, idona a rufe. Ita ma ta gaji, ba ta barci. Na san na shayar. Wanda na shayar ne ban sani ba."

Hanifa ta ji ɗakin yana juyawa.

"Ai naki za ta ba ki. Yaya Yahuza za ta ba ki."

"Haka nake gaya wa kaina. Amma ni da Hassana ba mu taɓa cewa naki da nawa ba. Tukur ya sha nawa ko ban sani ba, Yahuza ya sha nata ko ban sani ba, Allah kaɗai Ya san abin da aka yi a kwanakin nan."

"Tukur ma?"

"Shi ya sa da kika ƙi shi ban taɓa matsa miki ba. Babanki ya ɗauka goyon bayanki nake yi."

Hanifa ta dafe kai da hannu biyu.

"Me ya sa ba ki faɗa wa Liman ba?"

"In ce masa me? In ce eh, in kashe miki aure a kan abin da ban tabbatar ba? In ce a'a, in je gaban Allah da ita? Na buɗe baki ya fi a ƙirga, ba abin da ya fito. Wadda ta sani tana kabari. Kullum sai na roƙi Allah Ya nuna min ita ko a mafarki ne, ta ce min Hussaina kwantar da hankalinki. Ba ta zo ba."

"Inna, mun riga mun zama miji da mata."

"Na sani, 'yar nan."

"In na tafi, duk ranar da na dube shi zan tuna. In na zauna, wataƙila mijina na halal na bari a kan babu. Ki gaya min wanne zan yi."

Inna ta jawo ta jikinta, suka yi ta kuka.

A ƙofar gida Misbahu na jingine da mota, fuskarsa ta washe. Tukur ya riga ya hau babur ya tafi, ya ce gobe zai aiko musu da rake Ikara. Da Misbahu ya ga Hanifa ta fito ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Amarya, sauran hutun a Ikara za mu ƙarasa. Babu teku, amma akwai fanka in an kawo wuta."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin zaure ta gaya masa komai, yadda Inna ta faɗa, ba ta rage ba. Tana magana murmushin yana barin fuskarsa kaɗan-kaɗan.

"Wannan ai shakka ce," ya ce. "Ba a haramta abu da shakka. Duk malamin da kika tambaya haka zai ce miki."

"Na sani."

"Ita kanta ta ce ba ta sani ba. Gwaggo ta janye. Liman ya yanke."

"Liman bai ji wannan ba."

"Ko ya ji, hukuncin ɗaya ne."

"Wataƙila. Ni ba hukuncin nake tambayarka ba. Za ka iya?"

Ya buɗe baki zai ce eh. Ta ga kalmar ta zo har leɓensa. Sai ya juya ya dubi katangar gidan da ke jikin nasu, tsohuwar katangar ƙasa da ruwa ya zaizaye, ya daɗe yana kallo.

Ya mayar da ƙofar motar ya rufe. Ya zagaya ya buɗe but ɗin motar ya fito da akwatinta.

"Ba saki ba ne, Hanifa. Ki ji ni da kyau, ban sake ki ba. Gobe da safe zan dawo mu je wurin Liman mu uku, Inna ta faɗa masa da bakinta."

"In ya ce halal ne fa?"

"Sai mu roƙi Allah Ya sa zukatanmu su ji maganarsa."

"In ba su ji ba?"

Ya ɗauki akwatin ya yi sallama ya shiga gidan, tana biye da shi. A ƙofar ɗakin Inna ya ajiye, ya cire takalmi ya durƙusa daga waje, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki yake yi.

Tunda ya fara neman auren 'yarta Inna ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Daga bayan labule take amsa gaisuwarsa, a taƙaice, saboda kunya. Yau sai ta ɗaga labulen ta fito ta tsuguna a gabansa.

"Ɗago in gan ka."

Ya ɗago. Ta dubi goshinsa, ta dubi idanunsa da kunnuwansa, ta kai hannu ta juya fuskarsa wajen sauran hasken yamma. Hanifa ta riƙe numfashinta.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke hannunta a hankali.

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce. "Ban gane ko kai ne ba."